Zoom ko Google Meet: amsa ga malamar da ke da ɗalibai a Tasawa da Madarumfa

Malama, kin ce kina da ɗalibai 25 masu shirin jarrabawar BAC ta kammala sakandare, wasu a nan Maradi, wasu a Tasawa da Madarumfa, kuma kina son ki riƙa yi musu bita da dare. Kin tambaya wanne ya fi tsakanin Zoom da Google Meet in ba za a biya kuɗi ba. Na yi aiki da duka biyun, ga abin da na gani.

Wajen yawan mutane kunnen doki suke, kowanne yana ɗaukar mutum 100 kyauta. A lokaci ne suka rabu. Zoom yana yanke zama bayan minti 40, Meet kuwa sai an cika minti 60. Kada ki raina minti ashirin ɗin nan. Kafin a gama sallama da "kuna ji na?", a jira wanda rezo ya jefar waje ya dawo, minti goma sun wuce. In Zoom ya katse kina tsakiyar lissafi, ba duka ne za su sake shigowa ba, wani forfe ɗinsa ya ƙare, wani barci ya sace shi.

Duk da haka, in kina da kwamfuta, Zoom zan ce ki ɗauka, saboda naɗar darasi. Zoom na kyauta yana bari ki naɗi zaman ki ajiye a kwamfutarki, har ya ware miki murya daban da bidiyo. Meet na kyauta ba ya naɗa ko kaɗan. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani dare ina koyarwa aka ɗauke wuta a unguwarsu wata ɗalibata, salularta ta mutu tun ba mu yi nisa ba. Da safe na tura mata muryar ta WhatsApp, ta saurara tana shara, ta aiko mini da tambayoyi uku da suka fi na waɗanda suka halarta kyau. Da Meet nake, darasin nan ya wuce ta har abada, kuma irin yaran nan ne nake jin ciwon a bar su a baya.

In kuwa salula kaɗai gare ki, naɗar nan ta kyauta ba ta aiki a waya, don haka Meet ya fi miki: ga ƙarin lokaci, ga shi yawancin masu Android suna da adireshin Gmail tun ranar da aka buɗe musu wayar.

Kowanne kika zaɓa, ki sa kowa ya rufe kamara. Bidiyo yana cin intanet ninkin murya wajen sau goma, kuma iyayensu ne ke sayen forfe. Ki ɗauki hoton aikin da hannunki ya rubuta, ki tura musu tun da la'asar, in an shiga da dare kowa yana duba takardarsa kina bayani.

Kiran WhatsApp ma yana ɗaukar mutum 32, zai ishe ku ranar da rezo ya yi rauni sosai. Ki fara gwadawa da ɗalibai biyar, biyu daga cikinsu ƴan Tasawa, kafin ki kira ajin duka.