Na gwada FamilySearch wajen bin salsalar Harriet Tubman

Ga masu tambaya ko shafin FamilySearch na binciken asalin dangi a intanet na da amfani, eh yana da shi sosai, kuma kyauta ne, imel kawai za ka sa ka buɗe akawunt shi ke nan. Cocin Mormon da ke Salt Lake City a jihar Utah ne ke kula da shi, amma ba wanda zai tambaye ka addininka. Ni abin da ya kai ni shi ne Harriet Tubman, matar nan da ta gudu daga bauta a jihar Maryland ta Amurka a 1849 ta riƙa komawa tana fito da 'yan uwanta, so nake in ga iya inda takardu za su kai mutum kan asalinta.

Abu na farko, neman mace a takardun Amurka na wancan ƙarnin aiki ne ja. Mu mace ko ta yi aure sunan mahaifinta na nan, su kuwa sunan miji take ɗauka. Ita wannan an haife ta Araminta Ross wajen 1822 a gundumar Dorchester, a gida Minty ake ce mata, ta auri John Tubman wajen 1844, ta ɗauki sunan mahaifiyarta Harriet, sannan a 1869 ta auri Nelson Davis. To in Tubman kawai ka rubuta rabin rayuwarta ya wuce ka, sai ka haɗa da Davis da gundumar Cayuga ta New York inda ta zauna har rasuwarta a 1913. Nan shafin ya burge ni gaskiya, akwai gurbin sunan miji da na iyaye da gari, kuma yana buɗe maka hoton ainihin takardar ƙidaya da rubutun hannun malamin ƙidayar, kana iya zuƙowa har ka ga inda tawada ta ɗiga.

Amma wallahi da na koma baya da 1870 jikina ya yi sanyi. Ƙidayar 1870 ce ta farko da aka rubuta duk baƙaƙen fata da sunayensu. A ta 1850 da 1860 bayi takarda daban aka ware musu, sunan ubangida a gefe, sai layi layi a ƙarƙashinsa, shekaru, mace ko namiji, launin fata, babu suna. Na buɗe na Dorchester ina bi, mace 30, mace 12, namiji 4, shafi bayan shafi, kowace ɗiyar wani ce kuma an raɗa mata suna amma ba a ga ya kamata a rubuta ba. 'Yan uwan Harriet mata uku, Linah da Mariah Ritty da Soph, sayar da su aka yi, labarinsu ya yanke daga nan.

Wannan ba laifin shafin ba ne, abin da ba a rubuta ba ba za su ƙirƙiro maka ba, ga kuma gobarar kotun Dorchester a 1852 da ta cinye takardu da yawa. Abin da aka sani na danginta ta takardun iyayengiji aka samo shi. Mahaifinta Ben Ross a hannun Anthony Thompson yake, mahaifiyarta Harriet da ake kira Rit a gidan Brodess, kuma wasiyyar tsohon ubangidan Rit, Atthow Pattison, ta 1791 ce ta ambace ta, wasiyyar da ita kanta Harriet ta biya lauya dala 5 ya binciko mata. Kakarta Modesty ita aka kawo daga Afirka a jirgin bayi, kuma tun Harriet na yarinya ake ce mata jinin Ashanti ce, mutanen Ghana ta yanzu, sai dai wannan magana ce ta baka.

Don haka in za ka gwada, ka nemi sunan ubangidan tare da na baiwar, ka leƙa wasiyyoyi da takardun rabon gado, da kundin Freedmen's Bureau (hukumar kula da 'yantattun bayi) na 1865 zuwa 1872 wanda shi ma yana ciki. Bishiyar dangi ta shafin ta kowa da kowa ce, kowa na iya ƙari, saboda haka duk sunan da ka gani ka danna ka duba takardar da aka jingina shi da ita tukuna. Kuma ka tanadi data mai kauri, ka yi a kwamfuta in da hali, tsohon rubutun nan a fuskar waya yana gajiyar da ido.