Ɗinkin silikin Suzhou: na bango ne, ba na sawa ba

Yaya, ka ce in duba maka ko ɗinkin hannun nan na Sinawa zai shiga a Kantin Kwari. To, na je Suzhou na gani da idona. Daga Shanghai kusan rabin awa ne a jirgin ƙasa mai gudu, kuma a gefen birnin akwai Zhenhu, inda shago bayan shago ba a sayar da komai sai wannan aiki. Kusan duk masu yinsa mata ne.

Mu ɗinkinmu na jiki ne: aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko hular zanna. Su kuwa zanen fenti suke kwaikwaya da allura, a sa a firam a rataye. Na tsaya a kan wata tana ɗinka jelar kifi. Zaren siliki guda ta tsaga da farce gida 16, ta ɗauki sili ɗaya da ƙyar ido ke gani, tana ɗora launi bisa launi har jelar ta yi shara-shara kamar tana cikin ruwa. Akwai kuma mai fuska biyu: kyanwa a gaba, ka juya, kyanwa a baya, babu ƙulli ko ɗaya. Wallahi sai da na kai hanci kusa kafin na yarda ba fenti ba ne.

Abin ya daɗe. Tun zamanin daular Ming ta ƙasar Sin matan gidan Gu na Shanghai suke ɗinka tsofaffin zane-zane, kuma a 1915 aikin wata gwana, Shen Shou, ya ci lambar yabo a baje kolin San Francisco ta Amurka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗin. Nan watannin da aka ɓata ana aikin, da kuma sunan mai ɗinkin, ake saye, ba ƙyallen ba. Mai ɗinkin riga a Zariya shi ma yana watanni a duƙe, amma mu sai mun taya shi kamar tumatirin yamma, kuma ba mai tambayar sunansa.

Sai dai nan ma akwai algus. Mai araha na inji ne, ko kuma an buga hoton a ƙyalle an bi samansa da ɗan zare. Ka duba kaurin zaren: in duk ɗaya ne, ƙyallinsa kuma ya yi yawa, inji ne. Tayi kuwa ana yi sosai, amma biya da waya ne, WeChat ko Alipay. Tsabar kuɗi har kallonka ake.

Shawarata, kada ka zuba jari. Na ƙwarai ya fi ƙarfin kasuwarmu, na inji kuma bai kai kuɗin dako ba. Ga shi yawanci dabbobi ne da fuskokin mutane, ka kuwa san mutanenmu da hoton mai rai a ɗaki. In don falon Hajiya ne, zan zaɓo mai furanni ko duwatsu, a naɗe ba firam, gilashi ba ya son dako. Aiko mini da awon bangon. A gaida Inna da yara.