Asibitin dabbobi a Jos da ya yi hattara da allurar barci

Masu kiwon turka sun san halin da rago yake shiga idan an cika masa dusa, wato tsakuwa ta toshe masa hanyar fitsari har sai an kai ga tiyata. Wannan lalura ce ta kai ni da ragona Balami wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a cikin Jos, kuma abin da na fi yaba musu shi ne zaɓin allurar da ake fara yi wa dabba domin ta natsu kafin a sa ta barci.

A wurare da yawa xylazine ake ɗauka, saboda tana da araha kuma tana kwantar da dabba nan da nan. Likitan nan ya ƙi taɓa ta, ya kuma zaunar da ni ya yi mini bayani. Allurar tana rage bugun zuciya, wanda a tunkiya mai lafiya yakan kai 70 zuwa 90 a minti ɗaya, sannan tumaki sun fi yawancin dabbobi saurin jigata da ita, domin tana rage iskar oksijin a jininsu, wani lokaci har ruwa ya taru a huhu. A gari irin Jos, da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 inda oksijin da ake shaƙa ya ɗan ragu, wannan ba abin wasa ba ne. Ga shi kuma tana ƙara yawan fitsari, alhali mafitsarar ragon ta riga ta cika ba mafita, abin da zai iya sa ta fashe.

Diazepam likitan ya yi wa ragon don ya natsu, wadda ba ta cika takura wa zuciya da numfashi ba, sannan ya bi da ketamine, allurar sa barci. Sun maƙala na'urar auna oksijin a harshensa, suka sunkuyar da bakinsa ƙasa don miyau da abin da tumbi ya maido su zube waje kada su shiga huhu, ma'aikaci guda kuma bai bar wurin ba yana lura da numfashi.

Inda suka gaza shi ne bayan aikin. Ba a faɗi kuɗi dalla-dalla ba sai a ƙarshe, ɗakin farfaɗowa ya yi ƙunci, kuma sai da na tambaya da kaina aka ce in rage dusa, in ƙara harawa, in sa ɗan gishiri a abinci domin ya riƙa shan ruwa sosai. Bayanin da zai hana tsakuwar dawowa ya kamata a rubuta wa kowane mai rago a takarda kafin ya bar asibitin.