Yadda tallafin korona ya isa hannun masu shanu a Wisconsin

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an kai amfanin gona gida lafiya. Ka tambaye ni ko da gaske ne gwamnatin Amurka ta ba manoma kuɗi kyauta saboda korona. Da gaske ne, kuma an raba har nan gundumar Clark ta jihar Wisconsin, inda nake aikin tatsar shanu.

A nan ba a tallar nono a ƙwarya. Tanka ce ke zuwa gona ta kwashe madara ta kai masana'antar cuku. Da aka rufe makarantu da gidajen abinci a Maris 2020, manyan masu saye suka ɗauke ƙafa, saniya kuwa dole a tatse ta safe da yamma. Zuwa Afrilu wasu gonakin jihar sun kai ga zubar da madara a ramin taki, a daidai lokacin da mutane ke bin layin karɓar abinci a birane. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ranar 17 ga Afrilu ma'aikatar noma ta Amurka ta sanar da shirin tallafin abinci na korona da ake kira CFAP, na dala biliyan 19: biliyan 16 a ba manoma a hannu, biliyan 3 a sayi madara da nama da kayan lambu a raba wa mabuƙata. Ba bashi ba ne irin na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, ba wanda zai biyo ka bayan girbi. Mai madara ya samu kusan dala 6 da ɗoriya kan kowane fam 100, wato kilo 45, na abin da ya tatsa daga Janairu zuwa Maris. A Satumba aka ƙara zagaye na biyu.

Amma ni ba yawan kuɗin ne ya ɗaure mini kai ba, hanyar da suka bi ce. Ma'aikatar noma tana da ofishi a matakin gunduma, kuma gonar da ke hulɗa da ita tana da lambarta da taswirarta a can tun kafin annoba. Masana'anta ma tana ba manomi takardar nauyin madarar da ta karɓa. Saboda haka da aka buɗe rajista ranar 26 ga Mayu, maigidana ya cike fom, ya yi magana da ma'aikaciya ta waya domin ba a shiga ofis a lokacin, kuɗi suka faɗo asusunsa. Bai nemi takardar kansila ba, bai san kowa a sama ba. Ka tuna rumbunan kayan tallafi da jama'a suka fasa a jihohinmu a Oktoban 2020, ka ga inda muka bambanta. Kaya sun samu, sunan wanda za a ba ne babu a rubuce.

Kada ka ɗauka an yi adalci ta kowace fuska. Tunda da yawan madara ake lissafi, mai shanu dubu ya kwashi rabo mai tsoka har zuwa iyakar dala 250,000 ga mutum ɗaya, mai shanu hamsin da ya fi shiga matsi ya tashi da kaɗan. Mu masu tatsar, waɗanda da yawanmu baƙi ne daga Meziko da maƙwabtanta, babu sunanmu a shirin, alhali ba mu huta ko yini ɗaya ba. Gwamnan Wisconsin Tony Evers ya ware dala miliyan 50 daga kuɗin korona da gwamnatin tarayya ta ba jiha, amma shi ma na masu gona ne.

Don Allah ka yi wa shugaban ƙungiyarku ta manoma magana, ku fara rubuta sunan kowa da girman gonarsa da buhunan da ya samu bana, ni zan aiko da kuɗin littafi da awo. A gaida Inna da yara, a ce ina nan lafiya sai sanyi.