Hattara da mai ruwan wanke haƙori a kasuwanninmu

Jama'a, musamman iyaye mata da 'yanmatan da ke shirin aure, ga abin da ya sami gidanmu, don Allah ku isar wa na kusa da ku.

Akwai wani mutum da ke bin kasuwannin yankinmu da 'yar lasifika da ƙananan kwalabe marasa takarda. Alhamis yana Maigatari, Lahadi a gan shi a Gujungu. Kiransa ɗaya ne: "Haƙori fari tas cikin minti biyar, ko da goron shekara ashirin ne!" Sai ya jawo yaro daga cikin taro, ya tsoma auduga a kwalba, ya goge masa haƙoran gaba, ya miƙa masa madubi. Haƙora kuwa su yi fari, wannan ba a musu.

'Yar yayata tun tana ƙarama haƙoranta na gaba suna da ratsi ruwan ƙasa, har takan kare baki da mayafi in za ta yi dariya. Saura wata guda bikinta ta cire naira 2,000 daga kuɗin lallenta ta ba shi. Ta dawo gida tana ta washe baki. Kwana uku ba a yi ba ruwan randa ya gagare ta. A gabana ta kai kofin koko baki, ta ajiye, hawaye na zuba, ta ce, "Kawu, kamar ana soka min allura." Dasashinta ya saɓule, haƙoran sun koma kamar alli, babu sheƙi.

Likitan haƙori a Dutse ya ce mana asid ne ya cinye ɓawon da ke saman haƙoran. Ɓawon nan ba farce ba ne, in ya tafi ba ya sake fitowa. Abin da ke ƙarƙashinsa rawaya ne, ga shi ya yi kaushi, sai shayi da goro su ƙara kama shi. Abin da ya fi ci mini rai, ratsin nata ba datti ba ne tun asali. Wani sinadari ne mai suna fuloraid da ya yi yawa a ruwan da ta sha kafin ta kai shekara 8, a jikin haƙorin yake, asawaki ko buroshi ba sa fitar da shi.

Kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC kada ta kusanci bakinku. Dattin goro da taba ana wanke shi da inji a asibiti, irin wannan ratsin ma akwai aikin da ake yi masa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori.

Mun koma Maigatari ba mu sami mutumin ba. Duk wanda ya gan shi, don Allah ya sanar da sarkin kasuwa. Ita kuwa an sha biki, amma ko hoto ɗaya babu wanda ta buɗe baki a ciki.