Gani ya kori ji: daren Oasis a Heaton Park

Sau biyu na halarci wasan Oasis a rayuwata, amma na farkon ta taga na halarce shi. A ƙarshen watan Afrilun 1996 ne, ina ɗalibi a Manchester, ina zaune a wani ɗakin haya a Rusholme da bai fi tafiyar minti goma ba zuwa Maine Road, tsohon filin ƙwallon Manchester City. Dare biyu suka yi suna kiɗa a filin. Ni kuwa abin da ke aljihuna ko cefanen mako bai kai ba, balle tikiti. Sai na ɗage tagar, na jawo kujera, na lulluɓa da bargo. In iska ta kaɗo ta wajena in ji jita da ihun jama'a, in ta juya in ji ƙarar motoci. Haka na yi dare biyun, guntu-guntu.

Na biyun shi ne ranar Asabar 12 ga Yulin 2025 a Heaton Park, da tikitina a waya, da furfurata, da 'yata a gefena.

Ga wanda bai san su ba, Oasis ƙungiyar makaɗa ce ta Manchester, kuma wa da ƙani ne ginshiƙinta: Noel Gallagher, babban, shi ke rubuta waƙoƙin yana kaɗa jita, Liam, ƙaramin, shi ke rerawa. A unguwar Burnage suka tashi, 'ya'yan baƙin da suka zo daga Ireland neman abinci. Irin kiɗansu ake ce wa indie, wato na makaɗan da suka fito ta hannun ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu. Nasu kamfanin Creation ne, wanda mai shi, Alan McGee, ya gan su a wani ƙaramin kulob a Glasgow a 1993 ya ɗauke su. Sunan dai ya bi su, amma ƙungiyar da ta tara mutum dubu 250 a dare biyu a Knebworth a 1996 ai ta wuce a kira ta ƙarama.

Ni ban zaɓe su ba, ta bango suka shigo mini. Na sauka Ingila a ƙarshen Satumbar 1995, faifansu na biyu ya fito farkon Oktoba, kuma yaron da ke ɗakin da ke manne da nawa ba ya kashe shi safe da dare. Da farko haushi nake ji. Ina da kaset ɗin kalangu guda biyu da na zo da su daga gida, su nake ƙure wa murya don ramuwa. Kafin hunturu ya fita, na kama kaina ina wanke kwanuka ina bin waƙar maƙwabcina. Turancin da na koya a aji daban, wanda ake yi a bas ɗin Manchester daban, kuma a bakin Liam na fara gane na biyun.

Sai suka watse. Ranar 28 ga Agustan 2009, ana dab da su hau dandamali a wani bikin kiɗa a Faris, rikici ya ɓarke tsakanin 'yan'uwan a bayan fage, a daren Noel ya sanar cewa ya bar ƙungiyar. Shekara goma sha biyar suna gaba, suna jifan juna da baƙar magana a jarida da intanet. Na riga na cire rai. Da aka sanar a ƙarshen Agustan 2024 cewa sun shirya za su zaga duniya, 'yata ce ta turo mini labarin, na ɗauka tsokana ce.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai, don kada daɗin da ya biyo baya ya sa in yafe shi. Ranar Asabar 31 ga Agusta aka buɗe sayar da tikiti. Tun da safe na zauna gaban kwamfuta, lambar layina ta fi yawan mutanen wasu ƙananan hukumomi. Na yi azahar ina layi. Da na iso gaba, tikitin tsayuwa da aka tallata a kan kusan fam 150 ya koma sama da fam 350, wai saboda masu nema sun yi yawa, ga agogo a gefen allo yana ƙirga 'yan mintunan da suka rage mini in yanke shawara. Ko ɗan kasuwar da ya ɓoye mai lokacin wahala yakan bar ka ka yi ciniki. Ba ni kaɗai abin ya ci ba, don har hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwa a Birtaniya ta buɗe bincike a kai. Amma na biya. Tikiti biyu, sama da fam 700. Da na faɗa wa uwargida, sai da ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Abban Ummi, kiɗan Turawa? A tsaye? Da wannan gwiwar taka?"

Ban da amsa a ranar. Wata goma da 'yan kwanaki na jira kafin in samu.

Heaton Park makeken lambu ne a arewacin birnin, mutum dubu 80 yake ɗauka a kowane dare, kuma dare biyar suka yi a can. Ranar tamu rana ta buɗe sosai, irin zafin da Bature ke tuɓe riga ya koma ja kamar gauta. Ni da ya taso a Zariya dariya abin ya ba ni, har sai da na shafe awa uku a tsaye ba inuwa, sannan na daina dariyar. Ko'ina ka duba hular nan ce mai kama da bokiti. Abin da ban zata ba shi ne yawan yara. Na ɗauka taron tsofaffi irina zan tarar, masu tumbi da sanƙo, kuma suna nan da yawa, amma kusan duk inda na waiga akwai sa'o'in Ummi, waɗanda ko firamare ba su shiga ba lokacin da ƙungiyar ta watse. Kuma sun haddace waƙoƙin fiye da ni.

Ƙungiyar makaɗa ta Cast ce ta buɗe fage, sannan mawaƙi Richard Ashcroft, wanda shi kaɗai ma ya isa a fito dominsa. Ƙarfe takwas da kwata sai ga Oasis. Hannun Liam cikin na Noel, sun ɗaga sama. Ihun da ya tashi a ƙirji na ji shi kafin kunne. Na juya zan yi wa Ummi magana, na ga ni take ɗauka da waya, ba su ba.

Muryar Liam ita ce abin da na fi fargaba, don mutum ne mai shekara 52 da ya kwashe rayuwarsa yana tsage maƙogwaro. Ta fito garau, da kaushinta da hancinta, yadda na san ta ta bango. Tsayuwarsa ma ba ta canza ba: hannu biyu a baya, makirufo sama da bakinsa, ya ɗaga haɓa kamar mai neman faɗa da shi, ga rigar sanyi har wuya cikin wannan zafi. Ba ya rawa, ba ya zagaya dandamali. In ba ya rerawa sai ya tsaya ƙiƙam yana kallon jama'a da kacau-kacau a hannu. Jita uku ne a bayansa, na Noel, na Gem Archer, da na Bonehead, wanda da shi aka kafa ƙungiyar kuma ya bar ta tun 1999. Dawowarsa ce ta mayar wa kiɗan nauyinsa na da, wannan kaurin da ke tahowa kamar hadarin gabas. Andy Bell na kan jitar bes, mai ganga kuma sabo ne, Ba'amurke Joey Waronker, ya riƙe aikinsa ba tare da neman a gan shi ba. A gefe an kafa hoton kwali na Pep Guardiola, kocin Manchester City a lokacin, don kada wani ya manta ƙungiyar ƙwallon da gidan ke goya wa baya.

Waƙa 23 suka yi cikin kusan awa biyu, kuma in ka cire guda ɗaya ta 2002, duk na tsakanin 1994 da 1997 ne. Wasu sun yi ƙorafin an watsar da faifan baya-baya. Ni ban yi ba. Sun san abin da ya kawo mu, kuma ba su tsaya tallata mana sabon kaya ba.

Kafin waƙa ta shida Liam ya ce kowa ya juya wa dandamali baya, ya dafa kafaɗar na kusa da shi, a yi tsalle tare. Al'adar magoya bayan City ce, su ma a wajen 'yan Lech Poznan na Poland suka aro ta a 2010. Hannuna na dama a kafaɗar Ummi, na hagu a ta wani ƙato mai jarfa har wuya wanda ban taɓa gani ba, ƙasa tana motsi ƙarƙashinmu. Gwiwar da uwargida ta yi magana a kanta ta riƙe ni, amma sai da ta karɓi hakkinta kwana uku bayan haka.

Ga inda abin ya ba ni mamaki. Na zo ne in ji da kyau abin da iska ta riƙa yanke mini a 1996, sai na tarar ba a jin su sosai a nan ma, don mutum dubu 80 sun fi kowace lasifika. Daga baitin farko har na ƙarshe jama'a ke rerawa, har sautin jitar ma bin sa suke da baki. Da aka zo "Don't Look Back in Anger" Noel ja da baya ya yi daga makirufo ya bar mana amshin. Waƙar nan tana da wani matsayi a garin nan tun 2017, lokacin da jama'a suka rera ta a dandalin St Ann's bayan harin da aka kai Manchester Arena. Wanda ya zauna a Manchester a makonnin nan da sunan Musulmi irin nawa ya san yadda zama ya yi nauyi. Ƙaton nan mai jarfa kuka yake yi shaɓe-shaɓe, ya rungumo ni da hannu ɗaya, ni ma ban tsaya tambayar kaina ko ya dace ba. Duk wanda ke son jin ƙwarewar kiɗa tsantsa, ya zauna a gida da faifai, zai fi jin komai dalla-dalla. Nan taro aka zo yi.

Na sa ido sosai a kan 'yan'uwan, don mu da muka san gabar wa da ƙani mun san ba a gane sulhu a baki. Ba su cika magana da juna ba. Kowa na gefensa, in Noel zai rera nasa a tsakiyar wasa sai Liam ya fice ya ba shi wuri. Masu cewa kuɗi ne ya haɗa su ba ƙarya suke ba, kuɗin kuwa har da nawa a ciki. Amma na ga gidajen da dukiya ta fi wannan ba ta sa wa da ƙani sun tsaya inuwa ɗaya ba. Mahaifiyarsu na raye ta ga wannan rana, ni wannan ya ishe ni.

Abin da ba zan saba da shi ba shi ne jifa da giya. Da zarar an ɗauko waƙar da ake so, sai kofunan roba su tashi sama kamar fara, abin da ke ciki ya sauko a kan kowa. Ni da ban taɓa kai ta baki ba, na koma gida ina warinta tun daga hula har takalmi. Wani kofin da ya same ni a wuya ɗumi gare shi, ban bincika ba. Ummi ta fi ni dabara, ta zo da rigar leda ta ɗora a kan mayafinta duk da zafin. Ga magariba da ke faɗawa wajen tara da rabi a wannan lokacin na shekara, ana tsakiyar wasa, ba wurin alwala, ba tufafi mai tsarki. Duk mai salla da zai je irin wannan taro ya san da wannan tun daga gida. Layin ban-ɗaki da tsadar ruwa da abinci kuwa, kamar kowane babban taro ne, ba sai na ɓata baki ba.

Ko ya ci kuɗinsa? A farashin da aka tallata, har da riba. A farashin da na biya, an cuce ni, kuma da za a mayar da ni gaban kwamfutar nan da agogon nan yana ƙirgawa, zan sake biya.

Bayan waƙar ƙarshe aka harba wasan wuta, muka bi ayarin masu fita. Tasha ta cika maƙil, sai muka yanke shawarar takawa ta Cheetham Hill. A hanya muka haɗu da wasu samari da 'yan mata suna saukowa da barguna da kujerun naɗewa. Ashe akwai wani tudu a cikin lambun, wajen shingen, inda marasa tikiti suka taru suna hango allon daga nesa, har an laƙaba masa sunan Gallagher. Daga baya hukuma ta kafa shinge ta tare hangen. Na tambayi wani yaro a cikinsu ko ana ji daga can. Ya ce ya danganta da inda iska ta kaɗa.

Ummi ta dube ni, don ta sha jin labarin tagar.

"Abba, ka faɗa masa mana."

Na buɗe baki, ashe muryar ta tafi tun a filin. Sai na ɗaga masa hannu kawai, muka wuce neman inda ake sayar da shawarma, ga wanka da salloli biyu suna jirana a gida.