Kanwa ta riga ni zuwa Indiya

Mu shida ne a rukuninmu, duk ɗaliban fannin ƙera kayan asibiti a nan kudancin Indiya. Malaminmu ya ba mu mako uku mu zaga asibitocin Bangalo da Chennai, mu zuba ido, mu rubuta abin da masu ciwon zuciya da masu jinyarsu ke buƙata amma babu shi. Ya ce kada wanda ya kawo shawara tukuna, kallo da tambaya kawai.

A rana ta huɗu, a wani asibitin koyarwa, wani dattijon likita ya dubi katin da ke wuyana ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Najeriya. Ya ce wane ɓangare? Na ce Arewa, Zariya. Sai ya ajiye alƙalaminsa, ya dube ni, ya ce: "Kanwa."

Wallahi na ɗauka kunnena ne. Ashe tun yana matashin likita ya karanta binciken da likitoci Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970, kan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, kusan mace ɗaya cikin ɗari a lokacin. A gaban abokan karatuna ya shiga lissafo mini al'adun gidanmu: wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, kunun kanwa. Ya ce gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki, to idan dama ta raunana, kaya ya yi mata yawa.

Kunya ta fara kama ni, daga baya baƙin ciki ya danne ta. Yayata ta rasu wata biyu bayan haihuwarta ta huɗu. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasan kai uku, tana kwana tari. Aka ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara kanwa a kunu. Mai kemis ya ba da maganin tari. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce an makara. Mutumin da bai taɓa taka ƙasarmu ba ya san sunan ciwon da ya kashe ta, mu da muke zaune a bakin gadonta ba mu sani ba. Allah Ya jiƙan Yaya.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk laifin ke kan kanwa ba. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna ciwon yana kama har matan da ba su yi waɗannan al'adu ba, ya kuma ja hankali kan ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki da talauci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkirinmu. Mai jego na haki, mu ce gajiyar haihuwa ce. Sai an gama zagaya kemis da mai magani da rubutun sha, jiki ya ƙi, sannan a nemi mota.

A wannan ranar dai, a asibitin nan na Indiya, aka kawo wata 'yar ƙauye, mako uku da haihuwa, tana numfashi sama-sama. Ma'aikaciyar jinyar da ke karɓar marasa lafiya ta ji haka, ba ta sa ta layi ba. Kafin azahar an yi mata hoton zuciya da na'urar da ake kira eko, wata 'yar ƙarama kamar kwamfutar cinya, an fara ba ta maganin fitar da ruwa. Wuta ba ta ko ƙifta ba. A ƙasan benen akwai ɗaki guda na masu gyaran na'urori, kowace na'ura da takardar ranar da aka duba ta. Na tuna wadda na taɓa gani a wani asibitin gida, an lulluɓe ta da zane shekara da shekaru saboda wata 'yar waya da ta ƙone.

Mutanen nan ba su jira Turawa ba. Bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, na roba da ƙarfe mai suna TTK Chitra a nan aka ƙirƙiro shi, a cibiyar Sree Chitra Tirunal da ke Kerala, ana sa wa mutane shi tun 1990, kuma ya fi na waje araha nesa ba kusa ba. Akwai shagunan magani na gwamnati, Jan Aushadhi, inda talaka ke sayen maganin hawan jini na wata guda ba tare da ya ci bashi ba.

Kada dai a ɗauka aljanna ce. Cunkoso ya wuce misali, dangin marasa lafiya a barandar asibiti suke kwana a kan tabarma. Baƙo kuwa farashinsa daban, da dala ake yanka masa. Na haɗu da wani dattijo daga gida da ya sayar da gonarsa ya kawo ɗansa aikin zuciya, dillalin da ya haɗa shi da asibitin, ɗan ƙasarmu ne ma, ya ci rabonsa ya kashe waya. Ni na zama tafintansa kwana biyu. Ga kallo a cikin mota kamar ba su taɓa ganin baƙar fata ba, ga masu gidan haya da ke cewa an riga an kama ɗaki da zarar sun ga fuskarka.

Duk da haka, daren ranar da likitan ya yi zancen kunun kanwa na kwana ina kewar gida. Na tuna ƙamshin ganyen darbejiya a ruwan wanka, da yadda tsofaffi ke kewaye mai jego ba ta ɗaga ko tsinke. Ban ga inda ake tattalin mai jego kamar gidanmu ba.

Ƙanwata na da ciki wata bakwai. Na kira Hajiya na faɗa mata duk abin da likitan ya ce. Ta yi shiru, ta ce ai haka aka yi musu su duka, kuma ga su da rai. Na ce Hajiya, Yaya fa? Ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga ƙarshe ta ce za a rage kanwa, ruwan ma a bar shi ya huce, kuma ranar da ta ga ƙafa ta kumbura ko yarinyar na haki, ita da kanta za ta kai ta asibiti. Na tura kuɗin hoton zuciya, na ce a ajiye a wurinta.